Fankar haidurolik tana gudu ba sassauci: shin akwatin sarrafa ta zan canza?

Ɗan Arewa a Arizona ya rubuta:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina neman shawarar masana harkar injuna da ke wannan zaure a kan wata matsala da ta taso mini a motar tafi-da-gidanka, wato doguwar mota mai ɗakin kwana a ciki, da nake da ita a birnin Phoenix na jihar Arizona. Motar ƙirar 2004 ce, tsawonta ƙafa 40, injinta na dizal ne, Cummins ISL mai lita 8.9, yana can baya, giyarta kuma Allison ce. Lagireton a gefen motar yake, ba a bayan injin ba, saboda haka ba bel ne yake juya fankar da ke sanyaya shi ba, man haidurolik ne.

A da, idan na tayar da injin da safe, a hankali fankar take juyawa, har sai mutum ya matso kusa kafin ya ji motsinta, kuma ba ta ƙara gudu sai allurar geji ta doshi digiri 200 a ma'aunin Faranhait, wato wajen digiri 93 a ma'aunin Selshiyos. Yanzu kuwa da zarar injin ya tashi sai ta kama ruri da iya ƙarfinta alhali injin yana da sanyi ƙalau, tana tayar da ƙura daga ƙarƙashin motar, kuma duk sa'ad da na taka totur rurin ƙaruwa yake yi. Da farko abin yana zuwa yana tafiya, musamman idan motar ta bi ta kan gargada, amma yanzu ya zauna daram. Injin ba ya zafi, allurar tana tsayawa wajen 180, sai dai na lura motar ta rage ƙarfi a hawa, kuma tana shan mai fiye da yadda na saba.

Na kai ta wani gareji, bakaniken ya saurari ƙarar ya ce akwatin sarrafa fankar ne ya mutu, sai dai a canza. Akwatin yana da tsada, kuma kamfanin da ya ƙera motar ya rufe tun 2009, don haka babu inda zan je in karɓo shi kai tsaye. Abin da nake so in sani shi ne yadda zan tabbatar cewa akwatin ne da gaske kafin in kashe kuɗi, sannan ko aiki ne da mutum zai iya yi da kansa. Haka kuma ina da niyyar kai iyali Flagstaff, kuma duk wanda ya san babbar hanya mai lamba 17 ya san irin hawan da ke cikinta, shi ya sa nake tambaya ko akwai haɗari idan na yi tafiyar a haka. Allah ya saka da alheri.

Bakaniken Katafila ya rubuta:

Wa alaikumus salam, Alhaji. Irin wannan fanka ita ce a jikin manyan injunan haƙa da na daɗe ina gyarawa, kuma ita ce a dogayen motocin safa da yawa masu inji a baya, saboda haka bari in fara da yadda take aiki, domin a cikinsa amsar tambayarka ta farko take.

Akwai famfo da injin yake juyawa, yana zuƙo mai daga tanki yana tura shi ta tiyo zuwa wata ƙaramar mota ta haidurolik, wato na'urar da matsin mai yake juyawa, da ke riƙe da fankar. Famfon nan ba ya tambayar ko injin ya yi zafi ko bai yi ba, muddin injin yana juyawa tura man yake yi. Abin da yake rage gudun fankar shi ne wani bawul da ke buɗe wa man hanyar kewaye, ta yadda wani kaso zai koma tanki ba tare da ya bi ta cikin motar fankar ba. Lamarin kamar mai noman rani ne da ya buɗe wata rariya a gefe domin ya rage ruwan da ke shiga fangali: idan ya toshe rariyar, duk ruwan fangalin zai nufa. Aikin akwatin da kake magana a kai shi ne riƙe wannan hanyar a buɗe gwargwadon buƙata. Yana karɓar labari daga na'urar jin zafin ruwan inji, da ta jin zafin iskar da ta fito daga intakula (na'urar da ke sanyaya iskar da turbo ya matsa) za ta shiga inji, a wasu motocin har da makunnin na'urar sanyaya ɗakin direba, sannan ya aika wuta zuwa koyil ɗin bawul ɗin, wato naɗin wayar da ke motsa shi.

Abin lura shi ne an tsara shi a juye, kuma da gangan aka yi hakan. Idan wuta mai yawa ta shiga koyil, fankar raguwa take yi. Idan wutar ta ragu, sai ta ƙara gudu. Idan wutar ta yanke gaba ɗaya, sai ta tafi ƙarshen gudunta. Masu ƙirar sun zaɓi haka ne domin idan waya ta tsinke a tsakiyar daji, gara direba ya sha ƙara da asarar mai a kan injinsa ya ƙone.

Saboda haka rurin da kake ji ya gaya maka abu biyu. Na farko albishir ne, domin famfonka da motar fankarka lafiyarsu lau, in ba haka ba da ba su iya kai ta wannan gudun ba. Na biyu kuma, koyil ɗin ba ya samun wutar da ya kamata, ko kuma bawul ɗin ya maƙale. Amma rashin wutar ba ya nufin akwatin ya mutu. Fiyus da ya ƙone, da wayar da ta goge a jikin ƙarfe, da soket ɗin da ya yi tsatsa, da na'urar jin zafi da ta lalace, duk alamarsu ɗaya ce, kuma kunne ba ya iya bambance su. Kai da kanka ka ce da farko abin yana zuwa yana tafiya a kan gargada, kuma a wurina wannan ya fi kama da halin waya ko soket.

Game da raguwar ƙarfi da shan mai, kada ka yi mamaki. Ƙarfin da fanka take ci ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudunta: idan gudun ya ninka sau biyu, ƙarfin da take buƙata ninkawa yake yi sau takwas. Fanka mai girman taka, idan tana ƙarshen gudunta, ƙarfin doki masu yawa take zara daga injin, kuma daga tankin dizal ɗinka ake biyan su.

Tafiya Flagstaff kuwa tana yiwuwa, tun da tamostat, wato bawul ɗin da ke daidaita zagayen ruwan inji, zai riƙe zafin injin a inda ya kamata ko da fankar ta yi yawa. Sai dai ka duba man haidurolik kafin ka tashi da kuma duk inda ka tsaya, domin aiki ba hutu yana ɗumama shi, tsohuwar tiyo kuma a irin wannan lokacin take nuna rauninta, ga shi a yawancin motocin nan tanki ɗaya ne yake ba fanka da sitiyari mai. Da a ce akasin haka ne ya same ka, wato injin yana zafi fankar ta ƙi tashi, da ban yarda ka fita daga gari ba.

Mai Rewaya ya rubuta:

Na goyi bayan duk abin da Malam ya faɗa, zan ɗora ne kawai a ɓangaren wuta. Alhaji, kafin ka ɗauki mita, ka tabbatar na'urar sanyaya ɗakin direba a kashe take, har da maɓallin da ke busa iska a gilashin gaba, domin shi ma yakan kunna kwamfaresa ba tare da direba ya sani ba, kuma a wasu motocin hakan kaɗai ya isa ya ɗaga gudun fanka.

Daga nan sai ka nemi fiyus ɗin akwatin, wanda galibi yana cikin ma'ajiyar wayoyi ta baya kusa da batir. Idan lafiyarsa ƙalau, ka zare soket ɗin akwatin, ka murɗa makulli ba tare da ka tayar da inji ba, ka auna wutar da ke isowa. Ya kamata ka ga volt 12 da ɗoriya. Amma kada ka tsaya a kan mita kaɗai, domin wayar da tsatsa ta cinye har saura sili ɗaya za ta nuna maka volt 12 cif, alhali ba ta iya ɗaukar nauyin komai. Ka haɗa ƙaramin ƙwan fitilar mota tsakanin wayar wuta da wayar da ke komawa jikin shasi a cikin soket ɗin. Idan ya haska sosai, wayoyin biyu suna da kyau. Idan ya yi ja-ja ko yana ƙyaftawa sa'ad da kake girgiza damin wayoyin da hannu, to ka kama ɓarawon.

Na'urorin jin zafin kuma irin waɗanda turjiyarsu, wato yadda suke tare wucewar wuta, take raguwa ne idan zafi ya ƙaru. Ka auna kowace ɗaya da safe injin yana da sanyi, ka rubuta, ka sake aunawa bayan ya ɗumama. Lafiyayya za ta nuna adadi ya sauka a hankali. Wadda ta nuna hanya a yanke, ko ta nuna sifili, ko ta tsaya a wuri ɗaya, ita ce matsalar, kuma kuɗinta bai kai kusa da na akwatin ba. Ka yi awon daga bakin soket ɗin akwatin, ba daga jikin na'urar ba, domin ta haka ka gwada wayar da na'urar a lokaci guda. Ka kuma sani cewa na'urar da ke ba gejin gabanka labari daban take da wadda ke ba akwatin, don haka lafiyar geji ba shaida ba ce.

Roƙona ɗaya shi ne kada ka soki rigar waya da allura domin awo. Wurin nan yana shan ruwa da ƙura daga taya, kuma ƙaramar hudar da ka bari yau ita ce za ta zama tsatsar baɗi.

Ɗan Arewa a Arizona ya rubuta:

Na gode ƙwarai, Malamai, Allah ya ƙara basira. Na bi abin da kuka faɗa daki-daki. Fiyus lafiya lau yake, wuta tana isowa, ƙwan fitilar ya haska sosai kuma bai ƙyafta ba duk da girgiza wayoyin da na yi. Na'urorin jin zafin biyu sun sauka yadda Malam Mai Rewaya ya kwatanta. Na tarar da ɗan kore-kore a cikin soket ɗin, na wanke shi da maganin wanke wayoyi na mayar, amma fankar ba ta sauya hali ba. Da na goge jikin akwatin sai na ga ashe shi da bawul ɗin a haɗe suke, abu ɗaya ne, da ƙananan tiyo biyu a jikinsa, kuma murfin robarsa ya tsage ta gefen da ke fuskantar taya, har akwai alamar ruwa ya taɓa kwanciya a ciki.

Lambar da ke jikin takardarsa tana karantuwa. Na sami masu sayarwa biyu. Na farko yana da mai lamba iri ɗaya sak, amma ya ce sai an jira a kawo. Na biyu yana da shi a hannu kuma ya fi araha, kamanninsu ɗaya a hoto, sai dai lambobin ƙarshe sun bambanta. Wanne kuke ganin ya dace, kuma yaya ake canjin?

Direban Tirela ya rubuta:

Alhaji, kafin ka biya kuɗin ko ɗaya daga cikinsu, ka yi tunanin hanya ta uku. Masu irin motarka da yawa a nan Amurka sun cire akwatin lantarkin gaba ɗaya sun sa bawul mai kaki, wanda dama shi ne a jikin tsofaffin motoci kafin zuwan na lantarki. Ana ɗaura shi a bututun ruwan da ya fito daga inji, a cikinsa akwai kaki da ke kumbura idan ruwan ya yi zafi, sai ya tura wani ɗan tsinke ya rufe hanyar man, fankar ta ƙara gudu. Ba ya buƙatar fiyus, ba ya buƙatar waya, kuma ruwan taya ba ya yi masa komai. Ƙananan tiyo biyun da ka gani su ne za a ƙara wa tsawo a kai su wurinsa. Ni a ganina motar da ta kai waɗannan shekarun, duk abin da aka rage mata na lantarki an rage wa mai ita ciwon kai.

Bakaniken Katafila ya rubuta:

Alhaji, yanzu kam an yi wa akwatin adalci, tun da wuta tana isa gare shi, labarin zafi yana isa gare shi, ga kuma tsaga da alamar ruwa. Canji ya wajaba.

Ka jira mai lamba iri ɗaya. Waɗannan akwatunan jikinsu ɗaya ne, amma abin da aka rubuta a ƙwaƙwalwarsu ya bambanta daga mota zuwa mota: digirin da fanka za ta fara tashi, da digirin da za ta kai ƙarshen gudu, da irin na'urar jin zafin da akwatin yake sa ran gani, da abin da zai yi idan an kunna na'urar sanyaya ɗaki. Lambobin ƙarshen nan su ne suke nuna wannan tsarin. Idan ka sa na wata motar, yana iya yin aiki sumul a cikin gari, sai ka kama hawan da ke bayan garin Camp Verde a hanyar Flagstaff sannan ka gane cewa ba ya sakin fankar sai injin ya wuce inda ya kamata. Idan sunan da ke kan takardar Sauer-Danfoss ne, kamar yadda yake a motoci da yawa na wancan zamanin, to ka sani an kafa kamfanin a 2000, kuma tun 2013 sunansa ya koma Danfoss Power Solutions, don haka dillalan kayan haidurolik da ke hulɗa da su ne za ka kai wa lambar, ba dillalan motoci ba.

Shawarar ɗan'uwana Direba ba ta banza ba ce, na ga inda aka yi hakan aka zauna lafiya. Amma bawul mai kaki zafin ruwa kaɗai yake ji. Idan ka taka totur a gindin hawa, iskar da turbo yake matsawa tana ɗaukar zafi nan take, tun kafin ruwan inji ya motsa, kuma akwatin lantarki yana ganin haka ya tayar da fanka domin intakula, shi kuwa kaki sai ya jira ruwa. Haka nan idan kwandensar na'urar sanyaya ɗakinka, wato sashenta da ke fitar da zafi, tana jere da lagireto, za ta rasa isasshiyar iska a tsaye sai an yi wata dabara ta ɗaga mafi ƙarancin gudun fankar. Abin da ya fi damuna shi ne yadda yake mutuwa: idan kakin ya tsiyaye, hanyar man a buɗe take zama, fankar ta ƙi tashi, wato akasin kariyar da ta cece ka a wannan karon. Ga mai zama a Phoenix, inda zafin bazara yake haura digiri 110 a ma'aunin Faranhait, ni na lantarkin zan mayar.

Aikin kansa ba mai wuya ba ne, amma akwai wurare biyu da ba a wasa da su. Motarka a kan balan-balan na iska take zaune, kuma idan iskar ta fice gangar jikin tana sauka cikin ƙiftawar ido, saboda haka kada ka shiga ƙarƙashinta sai ka ja birkin tsayawa, ka sa wa tayoyi waigi, ka tokare shasi da ƙarafan da aka yi domin nauyinta. Jak ɗin daidaita motar ba madogara ba ne. Na biyu shi ne matsin man, wanda a irin wannan tsarin yake kaiwa dubbai a ma'aunin psi. Kada ka taɓa laluben yoyo da hannu injin yana aiki, ka yi amfani da guntun kwali, domin siririn man da ya fito da matsi yana huda fata, kuma wanda hakan ya sama asibiti zai nufa nan take ko da ramin bai fi na allura ba.

Ka bar injin ya huce, ka cire wayar batirin shasi, ka wanke kewayen akwatin tas kafin ka kwance komai, domin ramukan da ke cikin bawul ɗin ƙanana ne ƙwarai, ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta mayar da kai inda ka fito. Ka ɗauki hoto, ka yi wa kowace tiyo alama, domin ɗaya daga motar fanka take zuwa, ɗaya kuma tanki take komawa, kuma idan aka musanya su bawul ɗin ba zai yi aikinsa ba. Ka tanadi murafan toshe bakin tiyo tun kafin ka fara, saboda tankin ya fi wurin tudu, man zai ci gaba da zuba muddin bakin a buɗe yake. Ka kwance da sifana biyu, ɗaya tana riƙe ɗaya tana juyawa. Idan sabon ya zo babu mahaɗan ƙarfe, ka ciro na tsohon ka sa musu sababbin zoben roba, kuma kada ka naɗa farin tef ɗin masu aikin famfo, domin waɗannan mahaɗan da zoben roba ko da goshin ƙarfe suke kamewa, tef ɗin kuwa yagewa yake yi ya shiga cikin mai. Tun da ta gefen taya tsohon ya sha ruwa, ka yi wa sabon ɗan garkuwa na ƙarfe ko roba, ka juya bakin soket ɗin ƙasa idan wurin ya ba da dama, ka shafa man kare soket a robar bakinsa.

Wajen cika tanki, ka karanta abin da aka rubuta a jikinsa ko a littafin shasi, domin wasu motocin man giya na Dexron suke sha, wasu man inji 15W-40, wasu kuma man haidurolik na AW 46, kuma ba a gauraya su. Idan an daɗe ba a canza filtar da ke cikin tankin ba, wannan ne lokacinta.

Bayan ka tayar da inji, ka bar shi yana aiki a hankali, ka juya sitiyari dama da hagu domin iska ta fita, ka kashe ka sake duba man. Da sanyin inji ya kamata fankar ta koma juyawa a hankali. Sai ka yi gwajin da zai tabbatar maka da kariyar tana nan: ka kashe inji, ka zare soket ɗin wuta, ka sake tayarwa, dole ta yi ruri, idan ka mayar kuma ta lafa. Gwaji na ƙarshe a kan hanya yake, kuma hawan da ke tsakanin Black Canyon City da Sunset Point a kan hanya mai lamba 17 ya ishe ka. Ka sa ido a kan geji, ya kamata ka ji fankar tana ƙara gudu sannu a hankali yayin da allura take doshin 200, ta kuma lafa idan ta sauko. A kan hawan ka rage giya da hannu domin injin ya riƙa juyawa wajen sau 2,000 a minti, saboda famfon fanka da famfon ruwa duka da gudun injin suke tafiya, kuma idan ka bar shi yana nishi a babbar giya, ko sabon akwati ba zai sami isasshen man da zai ba fankar ba.